Abin da Motar Gwadabe Ta Sha

Hajo ta rasu da hantsi, a ɗakin baƙi na gidan ƙanenta Maikuɗi a Gaya, ba tare da ta tayar wa kowa da hankali ba, kamar yadda ta saba yin komai. Shekarar da aka mayar da motoci hannun dama ce, ƙarshen bazara, an gama sharar gona ana ta kallon gabas.

Ɗanta Gwadabe yana zaune a zaure aka leƙo aka gaya masa. Ya yi salati, don abin da ake yi ke nan. Daga nan ya zauna yana sauraron ƙirjinsa ko wani abu zai motsa. Babu abin da ya motsa. Abin da idonsa ya kama kawai shi ne wata kaza da ta yi rami a ƙarƙashin motarsa tana birgima.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce. Ta yi wa wani ɗan kwangila bauta, ta yi wa wani mai sayen gyaɗa bauta, sannan ta zo hannun Gwadabe don ta ƙarasa. Da ita yake jigilar mutane da buhuna tsakanin Gafasa da Ajingi da Gaya. Murfin tankinta ya faɗi tun ba a san ranar ba, aka toshe bakin da totuwar masara naɗe da tsumma. A cikinta ya kawo Hajo daga Gafasa don malamin ɗakin shan magani ya duba ta. Malamin ya duba ta, ya ba ta farar ƙwaya, ya ce a dawo. Tun ranar motar take tsaye a ƙofar gidan Kawu Maikuɗi, Gwadabe kuma yana zaure.

A hanyar zuwansu Hajo ta yi magana sau biyu, abin da a wurinta surutu ne. Na farko da ya tsaya yana juye mai daga galan, ta leƙo ta ce, "A tambayi mai motar nan, ta nan take sha?" Ya ce ta nan. Na biyu sun hango gari. Su biyu ne kaɗai a gaban mota, amma taga ta fuskanta.

"A gaya wa mai motar nan, in ta Allah ta kasance, kada a bar ni a Gaya. A mayar da ni wurin yarana."

"To, Inna."

Gwadabe ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa ko ƙoƙon ruwa da hannunta ba, kakarsa ce ta raine shi. Da yana ƙarami "yaron can" ne. Da ya yi aure ya zama "mutumin nan". Da ya sayi mota aka yi masa ƙarin girma ya zama "mai motar nan". Waɗanda ta haifa bayansa, waɗanda da za ta iya kiran sunansu ta yi musu wasa a gaban kowa, babu wanda ya kai yaye. Suna kwance a jere a bayan Gafasa kusa da wata kuka. Su ne yaranta. Gwadabe bai taɓa jin haushin wannan rabo ba. Haka ya tarar da duniya.

Aka tashi mai keke zuwa Gafasa ya ce su fara tono. Mata suka yi mata wanka, aka suturta ta, aka yi mata salla a ƙofar gida kafin azahar, aka ɗora makara a bayan mota. Gwadabe ya shiga ya murɗa makulli.

Injin ya juya, ya juya, kamar tsoho mai gyaran murya alhali ba shi da abin faɗa. Bai kama ba. Ya sake murɗawa, ya taka totur. Shiru.

Masu zaman makoki suka naɗe riguna suka tura. Suka tura har bakin masallacin unguwa, Gwadabe ya saki kuloci, motar ta yi tutsu ta tsaya. Suka juyo da ita, suka sake. Hajo, wadda a rayuwarta ba ta cika yawo ba, ta yi ta kai da komo a wannan lungu har Liman ya ɗaga hannu ya ce haba, a sauke baiwar Allah daga rana. Aka mayar da makara zaure.

Wata motar kuwa babu. Ba ranar kasuwa ba ce, kuma babbar motar da ke kwana a tasha ta tafi Kano tun asuba. Amalanken shanu, a wannan rana da wannan yashi, sai dai a isa gobe.

Kawu Maikuɗi ya yafito shi gefe.

"Ɗana, gawa ba ta jira. An riga an sallace ta. Nan aka yanke mata cibiya, iyayenmu suna nan kwance. Ƙasa duk ta Allah ce."

"Ta ce a mayar da ita, Kawu."

"Wa ta gaya wa?"

"Ni."

"Kai? Yaushe Hajo ta fara yi maka magana?"

"Taga ta gaya wa. Ina wurin."

Kawu ya dube shi ya ga ba raha yake yi ba.

"To. Na ba ka zuwa la'asar. In ladan ya kira wannan gwangwanin bai tashi ba, zan kai 'yar'uwata makwancinta, ko kana so ko ba ka so."

Bai jira amsa ba. Jim kaɗan Gwadabe ya ga mutum biyu sun bi ta bayan gida da magirbi a kafaɗa, sun nufi maƙabartar gari. Hajo, wadda ba ta taɓa mallakar wani abu guda biyu ba, ga ta da kabari biyu suna jiranta.

Bayan azahar Badaru makanike ya iso daga tasha a kan keke, kayan aikinsa a cikin buhu. Sa'an Gwadabe ne, kuma ya san motar fiye da yadda yake so ya san ta.

"Ya haƙuri, Gwadabe?"

"Mun gode Allah."

"Allah ya jiƙanta. Buɗe mini."

Da aka ɗaga bonet mutane suka matso, kowa da ilminsa. Wani ya ce zafi ne. Wani ya ce mota in ta daɗe a tsaye jininta daskarewa yake yi. Malam Kabo tela, wanda ya taɓa zuwa Jos a gaban mota, ya ce batir ne, shi ya sani.

"Batir ne yake juya ta, Malam Kabo. Amma tunda kana kusa, riƙe mini wannan."

Ya zare wayar fulogi ya ɗora masa a hannu, ya ce wa Gwadabe ya murɗa. Malam Kabo ya daka tsalle, hularsa ta faɗi.

"Akwai wuta," in ji Badaru.

Wani ya fara dariya, ya tuna inda yake, ya mayar da ita tari.

Badaru ya cire murfin kafireta, inda mai ke bi ya shiga inji, ya tsiyaya ɗan mai a maƙogwaronta daga wata 'yar kwalba. "Murɗa." Injin ya kama da ruri, motar ta girgiza, kazar ta fice da gudu. A cikin gida mata suka ɗauka tafiya ta zo, suka ɗaga murya da salati. Injin ya yi tari ya mutu. Muryoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiyarta ƙalau, yunwa ce," in ji Badaru. "Mai ba ya isowa. Ka tabbata akwai?"

Allurar da ke nuna yawan man motar ta rasu tun a hannun ɗan kwangila. Gwadabe ya cire totuwa, ya zura karan dawa a tanki, ya zaro. Ya jiƙe har rabi.

"To, yana can, ba ya nan. Sai mu bi shi gida-gida."

Ya kwance tiyon da ya taso daga famfon mai zuwa kafireta, ya ce a murɗa. Bakin tiyon ya yi gumi, ya ɗiga sau ɗaya, ya yi shiru. Ya sunkuya kan famfon. A gindinsa akwai wani ɗan kofin gilashi inda datti ke taruwa. Ya goge shi da babban yatsa, ya sake gogewa. Baƙin ba a waje yake ba.

"Yaushe rabonka da wanke wannan?"

"Kafin azumi."

"Na wace shekara?"

Gwadabe ya kau da kai. Yana kallon inuwar katanga. Ɗazu ba ta kai tayar baya ba, yanzu ta haye ta. Ya san abin da hakan yake nufi, amma sanin ya tsaya masa a ka bai sauko ba. Yunwa yake ji. Ya yi tunanin ya kamata ya ji kunyar jin yunwa, ita ma kunyar ba ta zo ba.

Badaru ya kwance kofin, ya zaro 'yar rariyar da ke samansa. Ta toshe da wani abu mai danƙo. Ya murza a yatsa, ya yamutsa fuska. Sannan ya cire tiyon da ya fito daga tanki, ya ce Gwadabe ya je ya kara kunne a bakin tankin, ya cika kumatu ya hura. Gwadabe ya ji ƙululu daga ciki.

"Yana kuka?"

"Yana yi."

"Hanya a buɗe take ke nan."

Ya juya aikin, ya zuƙa. Ya zuƙa har idonsa ya yi ja, sai ya tofar da sauri. Abin da ya tofar baƙi ne. Ya tsaya yana tanɗar baki, yadda mai shan miya yake yi in yana neman abin da aka manta.

"Wannan ba fetur ba ne. Na sha fetur ya fi tulu a rayuwata. Ruwa ne. Kuma da zaƙi."

Nan taro ya samu abin yi. Malam Kabo, yana murza hannunsa, ya ce direbobin tasha ne, sukari suke zuba wa juna a tanki, shi ya sani. Wani ya ce maƙiyi ba ya duba ranar makoki. Kawu Maikuɗi, daga kan tabarma, ya ce ba sai an wahalar da kai ba.

"Ba ta son tafiya ne. Ni na san 'yar'uwata."

Badaru ya ce ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma daga ƙasa famfo yake ja. Akwai noti a gindin tanki, a kwance shi a ga abin da zai fito. Aka aro kwano daga cikin gida. Gwadabe ya karɓi sifana ya shiga da kansa, ya kwanta a ramin da kazar ta bari. Wurin da sanyi. Ya ga tafin ƙafafun mutane kewaye da motar, ya ji da za a ƙyale shi da ya yi barci. Notin ya ƙi, ya ƙi, sannan ya saki. Baƙin ruwa ya zubo ya bi hannunsa har gwiwa. Ya tara kwanon yana kallo, har launin ya sauya ya koma na mai, sannan ya ɗaure.

Ya fito ya ajiye kwanon a gaban dattawa. Mai yana yawo a sama, baƙin yana kwance a ƙasa. Liman ya tsoma yatsa har gindi, ya fitar, ya sansana, ya shafa a bayan hannunsa. Ya daɗe yana kallon layin da ya bari.

"Tawada ce," in ji shi. "Da ƙaronta. Wannan rubutu ne."

Kowa ya leƙa kwanon, har Malam Kabo.

"Na Yaya Hajo ne."

Muryar daga bayan asabarin zaure ta fito. Baiwa ce, matar Kawu, wadda ta yi jinyar Hajo tun zuwanta, kuma kwanon nata ne, shi ta biyo.

"Kullum wani malami yana aiko mata da allo. Ni nake wankewa, in sa zuma don ba ta iya haɗiya, in ɗura mata a kwalba. Da an idar da asuba sai in ga ta dafa bango ta yi waje. Ran nan na bi ta. Na tarar ta cire totuwar nan tana ɗurawa. Na ce Yaya, naki ne fa, na ciwonki. Ta ce ita tafiyarta ta ƙare. Ta ce tun da aka juya hannun titi kullum sai an ce mota ta kashe wani, shi kuma kullum yana kan hanya. Na ce to ki ba shi ya sha mana, ga shi nan a zaure. Ta ce, ni? In miƙa masa? Ta harare ni kamar na zage ta."

"Ko sau ɗaya ba ta sha ba?" in ji Liman.

"Ƙwayar asibiti dai ta sha."

"Ke kuma kina ji tun ɗazu ana ta fama," in ji Kawu, "me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma ni na san mota ba ta shan rubutu? Kai ka sani?"

Kawu, wanda shi ma yau ya fara sani, ya gyara rawaninsa.

Idanu suka koma kan Gwadabe. Irin wurin da ake sa ran mutum zai durƙushe ne, kuma an ɗan ja baya an ba shi fili. Ya dubi kwanon. Ya dubi baƙin da ya bushe a hannunsa yana ɗaure masa gashi. Ya juya wurin Badaru.

"Yanzu za ta tashi?"

"Ta wannan famfon dai a'a. Ƙaro ya liƙe cikinsa, sai na warware shi na jiƙa, aikin gobe ne. Galan ɗinka da mai?"

"Yana bayan kujera."

"To mu bar tanki da famfo su yi zaman makokinsu. Mu ɗaure galan a rufin mota, mu zuro tiyo kai tsaye zuwa kafireta. Abin da ke sama ba ya buƙatar mai turo shi. Amma sai na wanke cikin kafiretar tukuna, ita ma ta sha nata."

Ya ɗauki kwanon zai watsar, don yana son inda zai zuba ƙananan notuna.

"Kul!" in ji Liman. "Ayoyi ne a ciki. A nan inda ake takawa?"

Badaru ya tsaya da kwano a hannu. Ba a zubarwa, ba a kuma sha, tunda ya gauraya da mai. Dattawa suka fara jawo misalai. Hannun Baiwa ya fito ta gefen asabari riƙe da kwalbar Hajo, babu komai a ciki. Gwadabe ya karɓa, ya tsiyaye man da ke sama, ya ɗura baƙin a kwalbar, ya toshe, ya sa a aljihu.

Badaru yana durƙushe da sassan kafireta a kan tsumma, yana hura wani ɗan ƙarfe mai huda kamar ta allura, ladan ya kira la'asar.

Kowa ya dubi Kawu Maikuɗi. Masu tono sun dawo, suna tsaye da ƙasa a ƙafafunsu. Kawu ya saurari kiran yana amsawa har ƙarshe, ya shafa addu'a, ya nemi takalmansa.

"La'asar na ce," in ji shi. "Ban ce farkonta ba. A yi salla."

Badaru ya ce su je, zai biyo su. Liman, wanda aka san shi da saurin sallama, ranar ya tsaya a kowace raka'a har gwiwoyin tsofaffi suka fara magana. Gwadabe yana sahu na biyu, kwalbar tana dukan cinyarsa duk sa'ad da ya sunkuya. Suna zaman tahiya ya ji injin ya juya, ya yi tari, ya kama. Ya jira ya mutu. Bai mutu ba.

Aka ɗaure galan da igiyar guga. Badaru ya shiga gaba yana riƙe da tiyo ta taga don kada iska ta fizge shi. Aka sake ɗora makara. Kawu ya ce wa masu tono su koma su mayar da ƙasar da suka haƙa, yanzu-yanzu, kada ramin ya kwana a buɗe ya ja wani. Shi ne mafi tsufa a unguwar, kuma ya san da haka. Sannan ya tattara rigarsa ya hau baya, ya zauna kusa da kan yayarsa, hannu ɗaya a kan igiyar galan.

Hanyar yashi ce. Gwadabe ya tuƙa a hankali, ba don wani tunani ba, sai don in aka yi tsalle man yakan yanke. Gonaki a share, an tara kara an ƙone. Shanun Fulani suna tsaye a gindin gawo. A wani kwari motar ta shaƙe, Badaru ya leƙa ya daka wa Kawu kira ya karkato galan, Kawu ya karkato, ta ci gaba.

Sun isa Gafasa rana ta yi ja. Mutane suna zaune a gindin kuka tun azahar, kabarin a shirye, a ƙarshen jerin ƙananan tudun da ruwan shekaru ya kusa shafewa. Aka sa ta, aka jera itace, aka rufe, aka tara ƙasa. Wani ya kawo tulu ana yayyafa ruwa don ƙasar ta kwanta. Da aka gama, Gwadabe ya ciro kwalbar ya tsuguna, ya zuba daga wajen kai zuwa ƙafa. Ƙasar ta shanye nan take. Warin mai ya tashi. Mutanen Gafasa suka dubi juna, suka dubi Kawu, Kawu ya ɗaga hannu ya fara addu'a, dole kowa ya ɗaga.

Gwadabe ya ɗan tsaya bayan an watse, ya sake sauraron ƙirjinsa. Ya ji dai zumar ta manne masa a yatsu.

Ya koma wurin motar. Badaru ya riga ya shiga ƙarƙashinta yana kwance famfo tun da sauran haske. Totuwar tana kan tudun taya inda aka ajiye ta tun a Gaya, ko faɗuwa ba ta yi ba. Gwadabe ya ɗauka yana jujjuyawa. Ya ce a ransa in ya shiga Wudil zai nemi murfi na gaske, mai makulli, kada a sake. Sai ya tuna wadda take buɗewa ba ta nan. Ya gyara tsumman, ya mayar da totuwar, ya danna.